Yatsa da Linzami: Aikin Ofis da Kwamfutar Allo a Arewacin Kamaru

Kwamfutar allo, wato na'urar nan mai faɗi da ake kira tabilet, wadda ba ta da madannai na zahiri sai gilashin da ake shafawa da yatsa, ta daɗe da shiga hannun mutanen da ba don kallon fim ko wasa suka mallake ta ba. A unguwar Dougoï ta birnin Marwa, da Garwa da Ngaundere da sauran garuruwan arewacin Kamaru, akan same ta wurin ɗalibin jami'a mai rubuta kundin kammala karatu, da ma'aikacin lafiya mai tattara alƙaluman rigakafi, da ɗan kasuwa mai lissafin buhunan albasa ko gyaɗa, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji masu zirga-zirga tsakanin Marwa da sansanin 'yan gudun hijira na Minawao da ke kusa da Mokolo. Duk waɗannan mutane, idan suka zauna kan tebur domin aiki mai tsawo, sukan ci karo da matsala iri ɗaya, domin na'urar an ƙera ta ne saboda yatsa, alhali kuwa rubutu da jadawalin lissafi da sauran ayyukan ofis an tsara su ne tun asali saboda linzami.

Dalilin da ya sa kwamfutar allo ta karɓu a wannan yanki bai rasa nasaba da wutar lantarki ba. Jihohin arewa uku, wato Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, sun dogara ne musamman ga madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai kudu da Garwa, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma a shekarun da damina ta gaza ruwan tafkin yakan ja baya, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. An ƙara tashoshin hasken rana a Marwa da Guider, sun kuma rage raɗaɗin, amma har yanzu mai aiki da na'ura a nan yana lissafin sa'o'in batirinsa kafin ya lissafa komai. Kwamfutar tebur takan mutu da zarar an ɗauke wuta, tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa sau da yawa batirinta ya riga ya gaji tun kafin ta iso kasuwa, yayin da kwamfutar allo ke iya kai mutum mafi yawan wunin aiki da caji ɗaya, a kuma cika ta da ɗan faifan sola ko batirin ajiya irin na wayar hannu. Yawan masu buƙatar irin wannan kayan aiki ma ƙaruwa yake yi, ganin cewa an kafa Jami'ar Marwa a 2008, sannan Jami'ar Garwa ta biyo baya a 2022.

Linzamin kwamfuta, wanda masu shago a Najeriya ke kira maus, a Kamaru kuma suri, ƙaramar na'ura ce da ake ɗora tafin hannu a kanta ana zamar da ita bisa tebur, motsin nata kuma yana juya wata 'yar kibiya da ke kan fuskar kwamfuta. Douglas Engelbart na Cibiyar Bincike ta Stanford a Amurka shi ne ya ƙirƙiro ta, abokin aikinsa Bill English ya sassaƙa ta farko da katako a 1964, aka kuma nuna ta ga jama'a a birnin San Francisco ranar 9 ga Disamba, 1968. Sai da kamfanin Apple ya fitar da kwamfutar Macintosh a 1984 sannan ta zama kayan kowa. Daga nan aka yi ta sauya mata ciki: aka cire ƙwallon roba da ke ƙasanta mai tara ƙura, aka sa fitila da ɗan idon kyamara, sannan aka yanke igiyar da ke haɗa ta da kwamfuta, saƙonta ya koma tafiya ta iska. Linzamin yau yana haska tebur da 'yar fitilarsa, yana ɗaukar hotunan wurin fiye da dubu a cikin daƙiƙa guda, yana gwada kowane hoto da wanda ya gabace shi, ta haka yake gane inda hannu ya nufa da kuma saurin tafiyarsa.

Fifikon da linzami ke da shi a kan yatsa wurin aiki mai laushi abu ne da aka auna, aka kuma san sababinsa. A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya kai ga abin da ya nufa yana ƙaruwa gwargwadon nisan abin da kuma ƙanƙantarsa, kuma a 1978 masu bincike a cibiyar Xerox PARC, cikinsu har da shi Bill English, suka gwada na'urorin nuni daban-daban wurin zaɓen rubutu, linzami ya zo kan gaba. Kan yatsan babban mutum ya kai kusan santimita guda a faɗi, shi ya sa kamfanin Google ke shawartar masu tsara manhajojin Android da kada maɓallin taɓawa ya gaza kimanin milimita 9. To amma tazarar da ke tsakanin harafi da harafi a cikin rahoto, ko layin da ya raba gida da gida a jadawalin lissafi, ba su kai ko kusa da wannan girma ba. Mai son gyara alƙalami ɗaya a cikin jerin kuɗaɗen auduga yakan taɓa gidan da ke sama ko na ƙasa, sai ya buɗa yatsu biyu ya faɗaɗa hoton, ya gyara, ya sake matse shi domin ya ga inda yake, kuma a duk wannan lokaci yatsan nasa ya rufe ainihin wurin da yake son gani. Wannan tamkar ƙoƙarin zura zare ne a kafar allura da hannu cikin safa. Tsinin kibiyar linzami kuwa ɗigo ɗaya ne tak, ba ya kuma tare wa ido komai.

Akwai kuma abin da yanayin yankin ke yi wa gilashin kansa. Fuskar taɓawa ta zamani tana da siraran layuka marasa launi a ƙarƙashinta masu ɗauke da ɗan cajin lantarki, kuma da yake jikin mutum yana ɗaukar lantarki, idan yatsa ya kusanci gilashin sai cajin wurin ya sauya, na'urar ta gane an taɓa ta. Gumi ma yana ɗaukar lantarki, don haka a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi a Garwa da Marwa ke haura digiri 40, ɗigon gumi ɗaya kan gilashi na iya buɗe abin da ba a nema ba ko ya hana na'urar jin yatsa. A lokacin hunturu akasin haka ne ke faruwa, domin busasshiyar fata mai kaushi ba ta cika amsuwa da wuri ba. Caja maras inganci ko wutar janareta mai rawa su ma sukan rikita gilashin, har a ga yana latsa kansa da kansa muddin igiyar caji na jikinsa. Linzami bai bi ta wannan hanya ba sam, saƙonsa yana shiga kai tsaye zuwa cikin na'urar, kuma masu gyaran waya sun daɗe da sanin haka: idan aka kawo musu wayar da gilashinta ya fashe ya daina jin taɓawa, linzami suke maƙala mata su buɗe ta, su kwashe wa mai ita hotuna da lambobinsa.

Batun lafiyar jiki ya fi duk waɗannan muhimmanci, ko da yake shi aka fi yin watsi da shi. Wani bincike da aka gudanar a makarantar nazarin lafiyar al'umma ta Jami'ar Harvard, aka wallafa a 2012, ya nuna cewa masu amfani da kwamfutar allo suna sunkuyar da kai da wuya sosai, musamman idan sun ɗora ta a cinya, kuma wuya ya fi samun sauƙi idan an jingine ta a tsaye kan tebur. Sai dai tsayar da ita yana haifar da wata wahalar, domin dole hannu ya riƙa miƙewa cikin iska yana taɓa gilashi ba tare da madogara ba, kafin a jima kafaɗa ta ɗauki ciwo. Shi kansa Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, ya faɗa a watan Oktoba na 2010, shekarar da aka fito da iPad, cewa gwajin da suka yi ya nuna gilashin taɓawa a tsaye yana gajiyar da hannu. Linzami shi ke raba wannan gardama tsakanin wuya da kafaɗa, tunda yana ba da damar a ɗaga fuskar na'urar kusa da saitin ido, hannu kuma ya kwanta kan tebur. Ga akawun da zai shafe sa'o'i biyar yana shigar da alƙaluma, wannan kaɗai ya isa hujjar sayensa.

Yawancin kwamfutocin allo da ke kasuwa suna karɓar linzami. Tsarin Android ya fara amsa shi tun fitowar sigar 3.1 a 2011, kamfanin Samsung kuma ya ƙara wa wasu manyan na'urorinsa wani tsari mai suna DeX, wanda ke mayar da fuskar ta koma kamar ta kwamfutar tebur mai tagogi da yawa. Apple ya makara, domin sai a watan Maris na 2020, da fitowar iPadOS 13.4, iPad ta sami cikakken goyon bayan linzami, kuma a shekarun farko alamar da ke yawo a fuskarta ɗan da'ira ce mai manne wa maɓallai maimakon kibiya. Kwamfutocin allo masu Windows ba su da wannan matsala tun farko.

Inda mai saye ya fi buƙatar lura shi ne bambancin linzamai marasa igiya, domin iri biyu ne, kuma a shago kamanninsu ɗaya. Na farko yana zuwa da ɗan makarɓin saƙo, wani ƙaramin abu da bai wuce farce ba, wanda ake cusawa a kafar USB, galibi kuma akan ɓoye shi a ramin batir. Na biyu yana aiki da Bluetooth, wato hanyar sadarwar gajeren zango da kamfanin Ericsson na Suwidin ya fara ginawa a 1994, wadda kusan kowace waya da kwamfutar allo ke ɗauke da ita. Dukkansu suna tafiya ne a zangon rediyo na gigahaz 2.4, kuma suna iya kaiwa kimanin mita 10. Mai makarɓi ya fi arha, ya fi yawa a kasuwa, ba ya kuma buƙatar wani saiti, amma an yi shi ne domin kwamfuta mai faffaɗar kafar USB, wadda kwamfutar allo ba ta da ita. Dole a nemi ɗan mahaɗi da ake kira OTG, mai mayar da ƙaramar kafa ta karɓi babban kai, dole kuma na'urar ta kasance mai goyon bayan wannan tsari, abin da wasu masu arha ba su da shi. Babbar illar ita ce mafi yawan kwamfutocin allo kafa ɗaya gare su, kuma ita ce ta caji. A garin da wuta kan zo na 'yan sa'o'i ta koma, linzamin da ya toshe kafar caji yana tilasta wa mutum zaɓi tsakanin aiki da cika batir a daidai lokacin da yake buƙatar duka biyun. Ana sayar da mahaɗa mai kafafu da yawa da ke wuce da wuta, amma ƙarin kuɗi ne, ƙarin kaya ne, kuma nauyinta yana sassauta kafar da in ta lalace na'urar ta gama yawo. Saboda haka a Dougoï da ire-irenta linzamin Bluetooth shi ne zaɓin da ya dace, ko kuma wanda ya haɗa hanyoyin biyu, ko da farashinsa ya ɗan ɗara.

Haɗa shi ba ya ɗaukar lokaci. Akan kifa linzamin a tura ɗan makunnin da ke ƙasansa, a danne maɓallin haɗi na 'yan daƙiƙoƙi har fitilarsa ta fara ƙyaftawa da sauri, alamar yana neman aboki ke nan. Sai a shiga saitin Bluetooth na kwamfutar allo, a jira sunansa ya bayyana cikin jerin na'urori, a taɓa shi. Wasu tsofaffin linzamai sukan nemi lambar sirri, wadda yawanci sifili huɗu ce. Daga ranar nan duk lokacin da aka kunna shi zai gane na'urar da kansa, illa dai idan ya daɗe a ajiye yakan yi barci domin tattalin batir, sai an ɗan motsa shi ko an latsa kafin kibiya ta farka, kuma wannan jinkiri na daƙiƙa ɗaya ko biyu ba alamar lalacewa ba ce. Idan kibiya tana gudu fiye da kima, akwai wurin rage saurinta a saiti, wasu linzaman kuma suna da maɓallin DPI, wato ma'aunin yawan ɗigon da kibiya ke tsallakewa idan hannu ya motsa inci guda, kuma a ƙaramar fuska ta inci 10 matakin ƙasa ya fi daɗin sarrafawa.

Dangane da batir, linzami mai cin batirin AA guda ɗaya, irin na rediyo da tocila, ya fi dacewa da yankin fiye da wanda ake yi wa caji, domin mai kyau yakan kai watanni da yawa, kuma ana samun batirin a kowane ɗan tebur. Abin kula shi ne batir mai arha yakan tsiyayar da ruwa cikin zafi ya cinye ƙarafunan da yake taɓawa, don haka a cire shi idan za a ajiye linzamin na tsawon lokaci. Ƙurar hunturu takan taru a idon da ke ƙasa da kuma gefen 'yar tayar da ake murzawa domin hawa da sauka a shafi, kuma hura iska da goga da busasshen ƙyalle sun wadatar. Idon linzami ba ya gane tebur mai gilashi ko mai ƙyalli, domin ba ya samun tabon da zai gwada hoto da hoto, amma bangon littafi ko kwali maras sheƙi yana magance wannan. Ita kanta kwamfutar allo zafi ne babban abokin gabanta: Apple ya ƙayyade wa iPad aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, kuma na'urar da ake caji ana aiki da ita cikin ɗaki mai rufin kwano da tsakar rana za ta rage gudu, batirinta kuma ya tsufa da wuri.

Ta fuskar tsaro, a 2016 masu bincike na kamfanin Bastille a Amurka sun gano wata kafar kutse da suka kira MouseJack, wadda ke ba mugu damar aika umarni zuwa kwamfuta daga nesa ta hanyar makarɓin wasu linzamai marasa Bluetooth. Wasu kamfanonin sun gyara nasu, amma tsofaffin kaya da jabu suna nan a kasuwa, kuma wannan abin dubawa ne ga ofishin da ke riƙe da sunayen marasa lafiya ko na masu karɓar tallafi.

Duk da haka bai kamata a ɗora wa linzami abin da ba zai iya ba. Yana gyara hanyar da hannu ke isar da umarni ne kawai, manhajar da ke cikin na'urar kuwa tana nan yadda take. Excel na Android da iPad bai kai na kwamfuta cika ba, ba ya gudanar da jerin umarnin nan masu aiki da kansu da akawu ke kira makro, kuma Microsoft ya daɗe yana neman kuɗin rajista kafin a yi gyaran takarda a fuskar da ta wuce inci 10.1. Latsa maɓallin dama, wanda a kwamfuta ke fito da jerin zaɓi, a wasu manhajojin Android ba ya yin komai, a wasu tsofaffin na'urori ma baya yake mayar da mutum. Manhajojin lissafin kuɗi da na zanen gini da yawa ba su da sigar kwamfutar allo gaba ɗaya. Mai shagon buga takardu da ke shirya takardun gasar shiga aikin gwamnati ko kundin ɗalibai daga safe zuwa dare kwamfuta sosai yake buƙata, kuma duk wanda ya ce masa kwamfutar allo da linzami za su maye gurbinta ya cuce shi. Haka nan rubutu mai tsawo yana buƙatar madannai na zahiri, kuma a nan akwai tarko na musamman ga ɗan Kamaru, domin madannan da ke shigowa daga Najeriya jerin Ingilishi ne mai farawa da QWERTY, na ƙasashen Faransanci kuwa AZERTY ne, sai an daidaita saiti da abin da ke rubuce a jikinsu. Haruffa masu ƙugiya na Hausa da Fulatanci, irin su ɓ da ɗ, sun fi sauƙin samu a madannan gilashi irin na Gboard, wanda ke nuna cewa yatsa bai rasa aikin yi ba ko a kan tebur.

A fagen aikin waje ma yatsa ne sarki. Manhajojin tattara bayanai irin su KoboToolbox da ODK, waɗanda ƙungiyoyin agaji ke amfani da su, an tsara su ne da manyan maɓallai da tambaya ɗaya bayan ɗaya, domin mai tambaya yana tsaye ne a ƙofar gida ko zaune kan tabarma, na'ura a hannu ɗaya, babu teburin da linzami zai zame a kai. Amfanin linzami yana farawa ne da yamma, lokacin da aka dawo ofis za a tace abin da aka tattara, a gano sunan da aka maimaita ko shekarun da aka rubuta ba daidai ba, a cika jadawalin wata a tsarin DHIS2 da ma'aikatar lafiya ta Kamaru ke tattara alƙalumanta da shi, a kuma rubuta rahoto. Hukumomi da ƙungiyoyin da ke raba wa ma'aikatansu kwamfutocin allo sukan tuna da rigar na'ura da caja, su manta da wannan rabin aikin, alhali kuɗin linzami da majingini ƙaramin kaso ne na kuɗin na'urar, kuma kuskuren alƙalami ɗaya a jadawalin magunguna ko na abinci ya fi su tsada nesa ba kusa ba.

Mai niyyar saye ya tafi shago da kwamfutar allonsa a hannu, kada ya wadatu da abin da aka rubuta a kwali, domin kalmar da ke nufin marar igiya ba ta bambance mai makarɓi da mai Bluetooth ba. Ya sa a haɗa linzamin a gabansa, ya buɗe ainihin manhajar da yake aiki da ita, ya gwada zaɓen jimla ɗaya, da jan layin jadawali, da murza taya, da latsa dama, sannan ya saka caja ya tabbatar komai na tafiya tare. Idan linzamin ya ci wannan jarrabawa ya biya kuɗinsa, idan kuwa bai ci ba ya bar shi a shagon.